Likitan da ya ci amanar masu karatu

Mai karatun da ya ɗauki littafin Agatha Christie, The Murder of Roger Ackroyd, yakan zo da dogon buri, don an cika masa kunne da yabonsa. Wani kuwa da ya kai babin ƙarshe sai ya ja tsaki, yana ganin an yi wasa da hankalinsa.

Littafin ya fito a Ingila a 1926. An tsinci gawar attajiri Roger Ackroyd a ɗakin karatunsa, an soka masa wuƙa a wuya. Shahararren mai binciken nan ɗan Beljiyam, Hercule Poirot, ya yi ritaya yana noman kabewa a ƙauyen su Ackroyd, aka roƙe shi ya sa baki. Mai ba da labarin shi ne likitan garin, Dakta Sheppard, wanda ke bin Poirot sau da ƙafa. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, asiri zai tonu: likitan nan shi ya yi kisan.

A nan ɓacin ran yake. Tun zamanin Sherlock Holmes da Dakta Watson, an saba abokin mai bincike amintacce ne, ba a sa shi cikin waɗanda ake zargi. Sai ga shi mai jiran gida ne ɓarawon.

Amma fa Sheppard bai yi wa mai karatu ƙarya ba, shiru ya yi inda ya kamata ya yi magana. An kawo wa Ackroyd wasiƙa da ƙarfe 8:40 na dare, likita ya fita da 8:50. Duk ya faɗi wannan. Abin da ya aikata cikin mintuna goman nan ne ya haɗiye. Muryar mamacin da aka ji da 9:30 kuwa, daga na'urar ɗaukar magana ta fito.

Masu ƙorafi ba yau suka fara ba. A 1945, mai sharhi ɗan Amurka Edmund Wilson ya tambaya a mujallar New Yorker ko wa ma ya damu da wanda ya kashe Ackroyd. A 1998 kuma Bafaranshe Pierre Bayard ya rubuta littafi guda yana cewa Poirot ya yi kuskure, 'yar'uwar likitan, Caroline, ita ce mai laifin.

Duk da haka, a 2013 ƙungiyar marubuta labaran aikata laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin gwarzon littattafan wannan fanni.