Shirinmu na yau: ranar da NumPy 2.0 ta fito

Yau da 'yan Python muke.

A watan Yunin 2024 aka saki NumPy 2.0, karon farko da lambar farko ta sauya tun 2006. To kun san yadda lambobin nan suke: in ta ƙarshe ta motsa, ɗan gyara ne. In ta farko ce, ana gaya maka wani abu zai karye. Kuma ya karye ɗin. An cire np.float_, sai dai ka rubuta np.float64. np.NaN ma ta tafi, saura np.nan.

Wannan mai sauƙi ne, minti biyu ka gyara. Inda gizo ke saƙar shi ne laburaren da aka harhaɗa a kan NumPy 1. Kai ba ka taɓa komai ba fa! Ka dai rubuta numpy zalla a requirements.txt, pip ya ɗauko sabuwa, manhajarka ta ƙi tashi.

Shi ya sa da yawa suka rubuta numpy<2 har laburaren su biyo sawu. Dabara ce mai kyau, amma ka sa ranar cire ta, kar wata laburaren ta buƙaci sabuwar pip ya rasa wadda zai ɗauka.