Abin da ya kamata ku sani game da dawo da fayilolin da suka ɓace a ma'ajiyar intanet

Kusan duk mai wayar hannu ta zamani yana da ma'ajiya a intanet, ko ya sani ko bai sani ba. Da zarar mutum ya buɗe adireshin Gmail, Google na ba shi gigabayit 15 kyauta, wanda imel da Google Drive da Google Photos suke rabawa. Apple na bayar da gigabayit 5 a iCloud, haka ma Microsoft a OneDrive, Dropbox kuwa gigabayit 2. A waɗannan wurare ne takardun makaranta, hotunan biki, lissafin shago da takardun ofis suke kwance.

Idan waya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi awon gaba da ita, ma'ajiyar na yin rana. Inda take gazawa shi ne lokacin da mai abin ya goge shi da hannunsa, ko ya ɗora sabon rubutu a kan tsoho. Labari mai daɗi shi ne mafi yawan irin wannan asara ana iya gyara ta, muddin an farga da wuri.

Me ya sa abin da aka goge a waya yake ɓacewa a intanet?

Aikin waɗannan manhajoji shi ne su tabbatar abin da ke waya da wanda ke kwamfuta da wanda ke intanet duk sun zama iri ɗaya. Tamkar madubi suke: abin da ka yi a gabansa shi zai nuna, mai kyau ko marar kyau. Ka goge hoto a cikin Google Photos, zai fita daga wayar kuma ya fita daga intanet. Haka abin yake a iCloud, hoton da aka goge a iPhone zai ɓace a iPad da duk na'urar da ke kan wannan asusun.

Wannan ne ke cin mutane da yawa. Waya ta cika, mutum ya shiga goge hotuna yana zaton akwai kwafinsu a intanet, alhali kwafin ne yake gogewa tare da na wayar. Mai son rage wa waya nauyi sai ya yi amfani da maɓallin da Google Photos ya tanada don samar da wuri, wanda ke cire hotunan da aka riga aka ɗora daga wayar kawai, ya bar na intanet.

Kwandon shara: wuri na farko da za a duba

Fayil ɗin da aka goge ba ya tafiya nan take. Ana mayar da shi kwandon shara ne, wanda a menu ake rubuta Trash ko Bin, a wayoyin da ke Faransanci kuma Corbeille. Sai dai kowane kamfani da wa'adinsa:

- Google Drive: kwana 30. Kafin watan Oktoban 2020 fayil na zama a kwandon har sai mai shi ya zubar, amma daga lokacin kwandon ke zubar da kansa.
- Google Photos: kwana 60 ga hotunan da aka riga aka ɗora a intanet, kwana 30 ga waɗanda ke waya kaɗai.
- OneDrive: kwana 30 ga asusun mutum na kansa, kwana 93 ga asusun ofis ko makaranta.
- iCloud: kwana 30, ga hotuna da takardu.
- Dropbox: kwana 30 ga asusun kyauta, kwana 180 ko fiye ga wasu asusun kasuwanci.

Dawo da abu daga kwando ba shi da wahala. A buɗe kwandon, a zaɓi fayil ɗin, a danna Restore, sai ya koma inda yake tun farko. Zai fi kyau a yi wannan ta shafin intanet na kamfanin a kwamfuta, domin can ne ake ganin duk zaɓin da manhajar waya take ɓoyewa.

A kula da wani tarko. A Google Drive, abin da ke kwando har yanzu yana cin wuri. Saboda haka idan saƙo ya zo cewa ma'ajiya ta cika kuma imel zai daina shigowa, mutane kan garzaya su zubar da kwandon baki ɗaya ba tare da sun leƙa ciki ba. Daga nan hanyar dawowa ta ƙuntata ƙwarai.

Idan an rubuta sabo a kan tsoho fa?

Wannan ya fi gogewa tayar da hankali, domin fayil ɗin na nan da sunansa, abin da ke ciki ne ya sauya. A ce ɗalibar ajin ƙarshe tana rubuta aikin bincikenta. Ta kai babi na huɗu, sai ta je kafe don a buga mata, ta ɗauko tsohon kwafi daga filashi mai babi biyu kacal, ta ɗora shi a Drive da suna iri ɗaya. Manhaja ta tambaye ta ko ta maye gurbin wanda ke nan, ita kuma cikin gaggawa ta amince. Da dare ta buɗe, ta tarar babi na uku da na huɗu sun yi ɓatan dabo. Ta duba kwandon shara, babu komai, tun da ba gogewa aka yi ba.

Aikinta bai salwanta ba. Waɗannan manhajoji na adana tarihin sauye-sauyen kowane fayil. Ga fayil ɗin Word ko PDF ko hoto da aka ɗora a Google Drive, ana ajiye tsofaffin kwafi na kwana 30, ko har sai sun kai 100, duk wanda ya riga zuwa. Za ta danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ta nemi Manage versions, sai ga jerin kwafin da ranakunsu da lokutansu. Ta sauke wanda take so, ta buɗe ta tabbatar shi ne. A nan kuma akwai zaɓin da ke sa a riƙe wani kwafi har abada.

Takardun da aka rubuta kai tsaye a Google Docs ko Sheets sun fi sauƙi. A ƙarƙashin menu na File akwai Version history, inda ake ganin wanda ya yi kowane gyara da lokacin da ya yi, kowa da launinsa. Mai shagon da yaronsa ya share layin bashin kwastomomi a takardar lissafi zai iya komawa yadda takardar take jiya da yamma. OneDrive da Dropbox ma suna da irin wannan tsari. Shawara ita ce a fara yin kwafin tsohon a gefe, a kwatanta shi da na yanzu, kafin a mayar da shi.

Fayilolin da mutane da yawa ke amfani da su

Ba duk abin da ya ɓace ne aka goge ba. Wani lokaci abokin aiki ne ya matsar da shi wata jaka, ko ya sauya masa suna, ko mai fayil ɗin ya janye izinin gani. Wani lokaci kuma mutum ne ya shiga da wani adireshin Gmail ɗinsa daban. A fara bincika da sunan fayil ɗin ko wata kalma da ke cikinsa, sannan a duba sashen da ke nuna ayyukan da aka yi kwanan nan.

A Google Drive, fayil na shiga kwandon mai shi ne. Idan wani ne ya ƙirƙire shi ya raba da ku, shi za ku tuntuɓa ya duba nasa kwandon. A asusun ofis ko jami'a kuwa akwai ƙarin dama: mai kula da tsarin Google Workspace na iya dawo da abu cikin kwana 25 bayan an zubar da shi daga kwando, kuma OneDrive na ofis yana da kwando na biyu. Don haka kada kunya ta hana ma'aikaci sanar da sashen kwamfuta da wuri.

Lokacin da ɓarnar ta yi yawa

Akwai muguwar manhajar da ke kulle fayilolin kwamfuta ta nemi kuɗin fansa. Idan ta shiga, kullallun fayilolin za su hau intanet su maye gurbin masu kyau. Matakin farko shi ne a cire kwamfutar daga intanet, a sauya kalmar sirri ta wata na'urar daban. Masu biyan kuɗin Microsoft 365 na iya mayar da OneDrive ɗinsu gaba ɗaya zuwa yadda yake a wata rana cikin kwana 30 da suka wuce. Dropbox na da makamancinsa mai suna Rewind ga masu biya.

WhatsApp daban yake

Ajiyar hirarrakin WhatsApp a Google ko iCloud guda ɗaya ce tak, kowace sabuwa na shafe ta baya. Wanda ya goge hira mai muhimmanci sai ya duba ranar ajiya ta ƙarshe a saitin manhajar. Idan ta riga gogewar, zai iya cire WhatsApp ya sake sakawa da lambar waya da asusu iri ɗaya, ya amince a dawo da ajiyar. Amma saƙonnin da suka shigo bayan ranar za su tafi. Idan kuwa sabuwar ajiya ta riga ta hau, hirar ta wuce.

Idan wa'adi ya ƙare

Mai asusun Google na kansa zai iya rubuta wa sashen taimakon kamfanin ya roƙi a dawo masa da fayil ɗin Drive da ya zubar kwanan nan, in shi ne mai fayil ɗin, amma ba alkawari ba ne. Sai a duba wasu wurare: tsohuwar waya, kwamfutar da ta daɗe ba ta hau intanet ba, imel ɗin da aka taɓa aikawa da fayil ɗin, ko wanda aka tura wa ta WhatsApp. Idan aka sami tsohuwar kwamfutar, kada a jona ta da intanet sai an kwafe abin, in ba haka ba ita ma za ta goge shi.

A yi hattara da manhajoji da mutanen da ke cewa za su dawo da komai idan an ba su kalmar sirri. Manhajojin ceto fayil na aiki ne a kan faifan kwamfuta ko katin memori da ke hannu, ba su da hanyar shiga rumbunan Google ko Apple. Wanda ya miƙa kalmar sirrinsa garin neman gira zai rasa ido.

Rigakafi

Manyan kamfanoni ma na kuskure. A watan Mayun 2024, wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'ajiyar UniSuper, asusun fansho na Ostireliya mai mambobi fiye da rabin miliyan, aka kwashe fiye da mako guda ba sa iya shiga asusunsu. Daga cikin abin da ya taimaka wajen farfaɗowa akwai kwafin da suka ajiye a wajen wani kamfani daban. Haka kuma tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da dokar da ta ba shi damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga talaka, wannan na nufin ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a intanet, ɗaya a filashi ko faifan waje da ba ya jone da komai. Ba sai an kwafe komai ba: takardun shaida, takardun fili, aikin makaranta, lissafin kasuwa da hotunan iyali sun isa. A sabunta kwafin duk ƙarshen wata, a riƙa buɗe shi ana tabbatar yana aiki. Ranar da wani abu ya ɓace kuma, a dakatar da duk wani gyara, a duba kwando da tarihin fayil a ranar, domin kwana 30 ɗin sun fara ƙirguwa ne tun ranar da aka goge, ba ranar da aka farga ba.