Kafin a saya wa yaro kyamara

Wata uwa daga Pantami ta same ni a kantin magani. Ɗanta na son sana'ar ɗaukar hoton biki, kuɗin adashinta kuwa ba yawa.

Na ce, Hajiya, kada kuɗin su ƙare a kyamarar kanta. Canon ko Nikon ta hannu ta isa, sauran a saka a gilashi. Gilashin 50mm f/1.8 yana da araha, kuma yana fitar da hoto ko a ɗakin amarya mai ƙarancin haske. A tsaya kan kamfani ɗaya, domin gilashin Canon ba ya hawa Nikon.

A haska gilashin da tocila kafin a biya. In da fumfuna, a haƙura. Da damina, a saka ƙunshin silika, irin na cikin robar magani, a jakar kyamara don ya tsotse danshi, amma a nesanta shi da ƙananan yara.