Idon Mai Duba: Yadda Ake Tantance Gyara a Manhajojin Gayya

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund yana cikin gwaje-gwajensa, sai ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa tana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Rabin daƙiƙa ba abin da zai dami yawancin mutane ba ne, amma shi sai ya bi sawu, har ya gano cewa an dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhaja ta matse bayanai wadda ake samu a kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Ranar 29 ga watan ya sanar da duniya. Da sabon bugun manhajar ya riga ya bazu, da wanda ya dasa ƙofar ya sami damar kutsawa cikin ɗimbin kwamfutoci a faɗin duniya. To, ta yaya irin wannan abu ya tsallake idon masu dubawa? Kafin a amsa, wajibi ne a fahimci yadda ake gina irin waɗannan manhajoji.

Aikin Gayya a Duniyar Kwamfuta

Kowace manhaja jerin umurni ce da ɗan Adam ya rubuta domin kwamfuta ta bi. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu na asali. Akwai kuma manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda aka yarda kowa ya karanta rubutunsu, ya kwafa, ya kuma gyara. Richard Stallman na Amurka ya ƙaddamar da shirin GNU a kan wannan manufa a 1983, sa'an nan a 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara rubuta Linux. Rubutun Linux ya haura layi miliyan 40 a farkon 2025, kuma a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin hannu.

Wannan tsari ya yi kama da aikin gayya, inda kowa yakan zo da fartanyarsa. Sai dai gonar tana da masu ita. Kowa na iya kawo gyara, amma mutane ƙalilan ne, waɗanda ake kira masu kula, ke da ikon shigar da shi cikin uwar manhaja.

Hanyar da Gyara Yake Bi

A 2005 Torvalds ya ƙirƙiri Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji: wane ne ya yi shi, yaushe, kuma wane layi ya taɓa. A 2008 aka buɗe GitHub, wanda ya yaɗa wata hanya mai sauƙi. Mai son gyara zai kwafi manhajar, ya yi aikinsa a kan kwafin, sa'an nan ya aika da roƙo ga masu kula cewa su jawo gyaran nasa su haɗe shi da na asali. Git zai jera layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara, yadda mai duba ba sai ya sake karanta manhajar dukanta ba.

Daga nan tantancewa take farawa. Na'ura ce kan fara gwada gyaran, ta ga ko ya ɓata wani abu da yake aiki a da. Bayan haka mutum zai zauna ya karanta. Shin gyaran ya magance matsalar da aka ce zai magance? Me zai faru idan aka ba manhajar bayanin da ba ta zata ba? Shin wanda zai zo bayan shekara biyar zai fahimci abin da aka rubuta? Sau da yawa akan mayar wa mutum aikinsa har sau uku ko huɗu, kuma masu kula sun fi son gyara ƙanana, kowanne a kan matsala guda, domin idan rubutu ya yi yawa ido yakan gaji ya riƙa tsallake.

A Linux gyara yakan bi ta hannun mai kula da sashe, ya wuce zuwa na sama da shi, kafin ya isa ga Torvalds. Tun 2004 kowane mai gyara yake sa sunansa a ƙasan aikinsa, a matsayin shaidar cewa yana da ikon bayar da shi. Ana buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa na mako biyu, sa'an nan a shafe kimanin mako bakwai ana gwaji da cire kurakurai.

Darasi Daga Ƙwayar Halitta

Ɗalibin ilmin halittu ba zai ga wannan tsari baƙo ba. Duk lokacin da ƙwayar jikin mutum za ta rabu biyu, sai ta kwafi sinadarin gado na DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu, A, T, G da C, har kimanin biliyan 3 a kowane kwafi. Sinadarin folimares da ke yin kwafin yakan yi kuskure kamar sau ɗaya cikin haruffa 100,000. Amma yana tafiya yana duba abin da ya rubuta yana gyarawa, sa'an nan wasu sinadarai dabam su biyo bayansa su sake dubawa, har kuskuren da zai rage bai wuce ɗaya cikin biliyan ba. Ke nan ingancin kwafin ya dogara ne a kan dubawa hawa-hawa. Harafi ɗaya kuwa ba abin rainawa ba ne: sauyawar A zuwa T a wuri guda cikin umurnin gina sinadarin himogulobin ita ce asalin cutar sikila.

Inda Ido Ya Tsallake

OpenSSL manhaja ce ta sirranta bayanai tsakanin kwamfutoci. A ƙarshen 2011 wani mai ba da gudummawa daga Jamus ya aiko da ƙari mai suna bugun zuciya. Aikinsa shi ne kwamfuta ta aika wa 'yar'uwarta kalma tare da adadin haruffanta, ita kuma ta maido da kalmar domin a san tana nan. Alal misali, a aika da "gero", haruffa 4, a maido da "gero". Abin da aka manta shi ne tabbatar da cewa adadin ya dace da kalmar. Idan mugu ya aika da "gero" ya ce haruffa 500 ne, sai kwamfutar ta maido da "gero" tare da haruffa 496 daga cikin ma'ajiyarta, waɗanda kan iya ƙunsar kalmomin sirri na mutane. Ana iya kwasar har kilobait 64 a kowane karo.

Wani daga cikin masu kula ya duba wannan gyara ya amince da shi, bai ga giɓin ba. Ya fita a bugun Maris na 2012, kuma sai ranar 7 ga Afrilu, 2014 aka bayyana shi da sunan Heartbleed. An ƙiyasta cewa ya shafi kimanin kwamfutoci rabin miliyan masu ɗauke da shafukan intanet. A lokacin ne duniya ta san cewa gudummawar kuɗin da OpenSSL yake samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. An daɗe ana cewa yawan idanu yakan tona kowane kuskure. Sai ga shi kasancewar rubutu a buɗe bai tabbatar da cewa ana karanta shi ba.

Wancan kuskure ne. Na XZ Utils kuwa ganganci ne. Shekaru da dama Lasse Collin ne kusan shi kaɗai yake kula da manhajar, ba tare da albashi ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu amfani, yayin da wasu sunaye suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa yana jan ƙafa, ya nemi mataimaki. Daga bisani Jia Tan ya sami ikon shigar da gyara da fitar da bugu. Ya ɓoye ƙofar a cikin fayilolin gwaji waɗanda ido ba ya iya karantawa kai tsaye, ta fito a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A nan gajiyar mutum ɗaya ita ce tsagar.

Abin Lura ga Ɗalibai da Malamai

Waɗannan al'amura biyu sun nuna cewa dubawa aiki ne mai cin lokaci wanda ba a cika yabawa ba, alhali a kansa amincin manhaja ya rataya. Idan mai kula ya tsananta ƙwarai, sababbin masu taimako za su gudu ya rage shi kaɗai. Idan ya sassauta, ɓarna ta shigo. Shi ya sa manhajoji da dama suke sharɗanta cewa kada wanda ya rubuta gyara ya zama shi ne mai amincewa da shi.

Haka ilmin kimiyya kansa yake tafiya, domin mujallar bincike ba ta buga sakamako sai wasu masana sun tantance shi. Malami na iya dasa wannan ɗabi'a tun a sakandare, ta hanyar sa ɗalibai su yi musayar littattafan gwajinsu, kowa ya binciki lissafin ɗan'uwansa, ya nuna inda kuskure yake da dalilinsa, ba tare da cin fuska ba. Ɗalibin da ke sha'awar shiga irin wannan gayya kuwa ba lalle sai ya ƙware a rubuta manhaja ba. Ana karɓar rahoton kuskure, da gyaran bayanin yadda ake amfani da manhaja, da fassara zuwa harsuna. Fassarar Hausa ma tana bukatar mai duba, wanda zai lura idan an rubuta baki a inda ake nufin baƙi.