Dalilin da Shafin Intanet Ke Nuna Tsohon Bayani

Sau da yawa mutum kan gyara wani abu a shafin intanet, ya canza lambar waya ko ya goge saƙo, amma ya ga tsohon bayanin na nan daram. Nan take sai a ce sabis ne ba kyau. Alhali sau tari burauza ce ta ɗauko tsohuwar amsa daga ma'ajiyarta ta wucin gadi, ba ta ko tuntuɓi sabar ba.

Ita kanta ajiyar ba aibu ba ce. Da babu ita, da kullum sai an sake sauko da hotuna da tambarin shafi, data ta ƙare a banza.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayoyin da shafi ke aikawa a bayan fage ba tare da an sake buɗe shi ba. Kamfanin Microsoft ne ya fara kawo wannan dabara a Internet Explorer 5 a 1999, sai a 2005 Jesse James Garrett ya raɗa mata suna Ajax. Shafi zai tambayi sabar saƙonni nawa suka shigo, anjima ya sake tambaya ta adireshi ɗaya. Idan sabar ba ta faɗi tsawon lokacin da amsarta za ta yi amfani ba, ƙa'idar HTTP ta yarje wa burauza ta kintata da kanta. Internet Explorer ta yi ƙaurin suna a nan, don takan riƙe amsar tambayoyin GET (na neman bayani) ta yi ta maimaita ta. A 2012 kuma Safari ta iOS 6 ta zarce kowa, ta riƙa ajiye har amsar POST (na aika bayani), abin da masu gina shafuka ba su taɓa tsammani ba.

Da yawansu kan liƙa lokacin agogo a ƙarshen adireshi domin kowace tambaya ta zama sabuwa a idon burauza, manhajar jQuery ma tana yin haka idan an umarce ta. Yana aiki, amma faci ne, yana cika ma'ajiya da amsoshin da ba za a sake nema ba. A ganina laifin ya fi karkata ga sabar da ta yi gum. Bayanin da ke sauyawa ko na sirri, irin kuɗin asusu, a haɗa amsarsa da umarnin Cache-Control: no-store. Wanda bai cika sauyawa ba a sa masa alamar ETag, a kuma umarci burauza ta riƙa tambaya kafin ta nuna shi. Idan yana nan yadda yake, sabar ta amsa da lamba 304 kawai.

Mai karatu, idan ka tura kuɗi shafi bai nuna ba, kada ka yi gaggawar sake turawa. Fara duba saƙon banki tukuna.