Fargaba bayan buguwa a ka: Me ya kamata a yi a gida?

Mutane da dama da aka sallama daga asibiti bayan sun bugu a ka, kamar a haɗarin babur, kan koma gida da wata matsalar da hoton ƙwaƙwalwa ba ya nunawa, wato fargaba.

Mutum kan riƙa jin faɗuwar gaba, barci ya ƙaurace masa, kuma da kansa ya ɗan sara sai ya ɗauka wani abu ne ya lalace a ciki.

Likitoci sun ce alamomin girgizar ƙwaƙwalwa da na fargaba sun yi kama da juna: jiri, da mantuwa, da ciwon kai, da saurin fushi.

Tsoro kan ƙara tsananta waɗannan alamomi, su kuma su ƙara wa mutum tsoro. Amma akasarin manya kan warke daga ƙaramar buguwa cikin mako 2 zuwa 4.

Hutu daidai gwargwado

A da akan shawarci mara lafiya ya kwanta a ɗaki mai duhu har sai ya warware.

To sai dai ƙwararrun da suka yi taro kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni a birnin Amsterdam a shekarar 2022 sun ba da shawarar a huta na sa'o'i 24 zuwa 48, tare da rage kallon waya da talabijin, sannan a soma ɗan tattaki.

Doguwar kwanciya kan bar mutum shi kaɗai da tunani, abin da ke rura fargabar.

Rawar da iyali za su taka

Ya kamata wani ya zauna da mara lafiyar a ranar farko, a kuma taƙaita 'yan dubiya, domin hayaniya na gajiyar da ƙwaƙwalwa.

Tsayar da lokacin barci, da rage shayi da kofi da goro da yamma, da jan numfashi a hankali idan gaba ya faɗi, duk suna taimakawa.

Wanda sujada ke sa shi jiri, malamai sun yi bayanin cewa akwai sauƙin yin salla a zaune da nuni.

A guji tuƙi, da shan tramadol ko maganin barci ba da izinin likita ba, domin suna iya ɓoye alamomin haɗari.

Yaushe za a koma asibiti?

A garzaya asibiti nan take idan aka ga amai a kai a kai, ko farfaɗiya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko sarƙewar magana, ko raunin hannu ko ƙafa, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, ko kuma mutum yana wuyar farkawa.

Idan kuwa fargabar, ko mafarkin haɗarin, ta wuce wata 1, to a nemi likita, domin matsala ce da ake warkarwa.