Turkiyya ta iya ƙera jirgin yaƙi, saura injin

A watan Mayu na shekarar 2022 aka kawo wa sojan sama na Nijar jirage 6 marasa matuƙi daga ƙasar Turkiyya, irin waɗanda ake kira Bayraktar TB2. Daga baya kuma aka kawo jirage 2 masu matuƙi, samfurin Hürkuş, wanda Nijar ce ƙasar waje ta farko da ta saye shi. Mali da Burkina Faso da Togo da Najeriya duk sun sayi TB2, Cadi ita ma ta sayi Hürkuş. A watan Yuli na 2024 ministocin Turkiyya na harkokin waje da na tsaro da na makamashi suka zo Yamai rana ɗaya. Tun da cinikin ya kai haka, ya kamata a san yadda Turkawa suka kai ga wannan sana'a, a kuma san abin da ya rage musu. Mai sayen doki ba ya tsayawa ga kyan gashi, sai ya buɗa baki ya duba haƙora.

Labarin ya fi shekara 100. Wani matuƙin soja mai suna Vecihi Hürkuş ya haɗa jirgi da hannunsa a birnin Izmir, ya tashi da shi ran 28 ga watan Janairu na 1925. Maimakon a yaba masa, sai aka hukunta shi, wai ya tashi ba da izini ba, alhali kuwa a duk hukumar babu wanda ya san aikin da zai iya ba da izinin. Injin da ya sa wa jirgin ganimar yaƙi ce, daga jiragen Girka da aka kama. Sunan wannan mutum aka ba jiragen Hürkuş na yau.

A 1926 gwamnati ta buɗe masana'antar jirage a Kayseri tare da kamfanin Junkers na Jamus, amma kafin shekara 3 tarayyar ta watse. A 1936 wani attajiri, Nuri Demirağ, wanda ya yi arziki da kwangilar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya kafa tasa masana'anta a Santambul. Ɗaya daga cikin jiragensa ya faɗi a 1938, babban injiniyansa ya mutu a ciki, masu saye suka fasa ciniki, ya kai ƙara kotu ya faɗi, masana'antar ta mutu.

Abin da ya ƙarasa kashe sana'ar kyauta ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta shiga ba Turkiyya jirage na taimako, balle da ta shiga ƙawancen OTAN a 1952. Manomi ya san irin wannan: in hatsin taimako ya sauka kasuwa lokacin kaka, wanda ya noma nasa ne ke kwana ciki. Wa zai sayi jirgin gida da tsada ga na banza a fili? Masana'antar injin jirgi da aka gina a Ankara, a 1954 aka mayar da ita ta haɗa motocin noma.

Takunkumi ya farkar da su

A watan Yuni na 1964, da rikicin tsibirin Kubrus ya yi zafi, shugaban Amurka Lyndon Johnson ya rubuta wa firaminista Ismet Inönü wasiƙa, ya gargaɗe shi kada ya yi amfani da makaman Amurka a tsibirin. A ranar ne Turkawa suka gane cewa bindigar aro tana da mai ita. Da sojansu suka shiga Kubrus a watan Yuli na 1974, majalisar dokokin Amurka ta ɗora musu takunkumin makamai daga farkon 1975 har 1978. Jirage suka zauna a ƙasa don rashin kayan gyara.

An riga an kafa kamfanin jirage na ƙasa, TUSAŞ, a 1973, amma takunkumin nan ne ya sa aka tashi tsaye. Talakawa suka riƙa zuba gudummawa cikin asusun taimakon soja, da kuɗin aka kafa kamfanin ASELSAN a 1975 don ƙera rediyon soja. Mataki mafi girma kuwa shi ne dokar 1985, wadda ta kafa ofishi ɗaya mai kula da sayen makamai da ƙera su, ta kuma ba shi asusu na kansa, wanda kuɗinsa ke shigowa daga harajin taba da giya da caca da wasu haraji, ba tare da jiran kasafin shekara ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin aikin gwamnati ya tsaya rabi saboda kuɗin bana ba su fito ba, zai gane amfanin wannan. Jirgin yaƙi yakan ci shekara 10 ko 15 daga zane zuwa tashi, gwamnatoci kuwa a Turkiyya ta wancan zamani ba su cika daɗewa haka ba.

Koyon aikin kansa a hannun Amurkawan aka yi shi. Da Turkiyya za ta sayi jiragen F-16, sai ta sa sharaɗi a haɗa su a ƙasarta. A 1984 aka kafa masana'anta kusa da Ankara tare da kamfanin General Dynamics, a 1985 aka kafa ta injuna, TEI, a Eskişehir tare da General Electric. Jirgi na farko ya fito a 1987. Gaba ɗaya an haɗa fiye da 300 a can, har da 46 da aka yi wa Masar tsakanin 1993 da 1995. Masu suka sun ce wannan ɗaure kusoshi ne kawai, zanen na wasu ne. Da gaskiyarsu, amma a wajen ɗaure kusoshin ne dubban ma'aikata suka koyi awo na ƙwarai, da rubuta tarihin kowane ƙarfe, da ƙin karɓar aikin da ya kauce ko da kaurin gashi. A 2005 Turkawa suka saye hannun jarin baƙi na masana'antar jiragen, ta koma tasu.

Ƙaramin jirgi ya buɗe kasuwa

Abin da ya fitar da sunan Turkiyya ba daga babbar masana'antar gwamnati ya fito ba. Ta nemi Amurka ta sayar mata da jirage marasa matuƙi masu ɗaukar makami, aka hana ta. Ta sayi 10 na leƙen asiri daga Isra'ila, suka yi jinkiri, sa'an nan zumuncin ƙasashen ya ɓaci a 2010. Sai wani kamfanin iyali mai suna Baykar, wanda Özdemir Bayraktar ya kafa a 1984 yana yin kayan gyaran mota, ya shiga wannan giɓi. Ɗansa Selçuk ya baro karatu a Amurka ya komo gida. TB2 ya fara tashi a 2014. Faɗin fukafukansa mita 12 ne, yana iya yin awa 27 a sama, yana ɗaukar kaya kilo 150, watau ƙananan bama-bamai 4 na kamfanin Roketsan waɗanda haske ke jagoranta zuwa inda aka auna.

An gan shi a yaƙin Libiya da na Siriya, da na Karabak a 2020, da na Yukren a 2022, ƙasashe fiye da 30 suka saye shi. Ya fi na Amurka araha nesa, ana kai wa mai saye da wuri, kuma Turkiyya ba ta yawan sa sharuɗɗa. A 2002 abin da ta sayar a waje na makamai da jirage bai wuce dalar Amurka miliyan 248 ba. A 2024 ya kai miliyar 7 da miliyan 100, watau fiye da miliyar 4000 na sefa, kuɗin da suka zarce kasafin Nijar na wannan shekara. Baykar kaɗai ta sayar da na miliyar 1 da miliyan 800. A 2025 har ta saye tsohon kamfanin jirage na Piaggio a Italiya.

Akwai magana a cikin gida. Selçuk Bayraktar ya auri ɗiyar shugaba Erdoğan a 2016, ƴan adawa suna cewa kamfanin ya sami gata, kamfanin yana amsawa da cewa mafi yawan kuɗinsa daga waje suke zuwa. Shi ma jirgin yana da iyakarsa. Tafiyarsa a hankali ce, inda abokin gaba ke da makaman harbo jirage ba ya daɗewa, kamar yadda aka gani a Yukren bayan watannin farko. Kuma da rediyo ake tuƙa shi daga ƙasa, ba ya wuce kilomita 300 daga tasharsa sai in irin mai aiki da tauraron ɗan Adam ne. A ƙasa kamar Nijar, inda daga Yamai zuwa Diffa ya fi kilomita 1300 ta hanyar mota, jirgi ɗaya yana jawo bukatar tashoshi da filayen sauka da makanikai a wurare dabam-dabam. Harmatan da rairayi kuma ba su san jirgi sabo ne ba.

Inda gizo ke saƙar

Mai lura zai ga cewa tun daga jirgin 1925 har yau, abu ɗaya ke komowa. Injin TB2 na kamfanin Rotax ne, a Ostiriya ake yinsa, mai kamfanin kuwa na Kanada ne. Idon jirgin, watau na'urar da ke hangen ƙasa dare da rana, shi ma daga Kanada ake sayo shi da farko. A watan Oktoba na 2020, saboda yaƙin Karabak, Kanada ta tsayar da izinin sayar da idon. Nan Turkawa suka yi nasara, ASELSAN ta fito da nata, kafin Kanada ta janye hanin a farkon 2024 an riga an saba da na gida.

Injin bai zo da sauƙi haka ba. A 2018 Pakistan ta sa hannu kan sayen jirage masu saukar ungulu 30 samfurin T129, a kan dala miliyar 1 da rabi. Ko ɗaya bai isa ba, domin injinsu na tarayyar kamfanin Amurka da na Ingila ne, Amurka kuwa ta ƙi ba da izini. Irin jirgin nan kuma an sayar wa Filifin da Najeriya, aka ba da izini. Ashe Turkiyya ce ke ƙerawa, amma a Washinton ake zaɓen wanda za a sayar wa. Hürkuş ɗin da aka kawo Nijar da Cadi, injinsa na Pratt & Whitney ne na Kanada. Manyan jirage marasa matuƙi na Baykar, Akıncı da Kızılelma, da injunan Yukren suka fara tashi, ƙasar da yaƙi ya faɗa wa a 2022. Mai saye ya yi ciniki da ƙasa ɗaya, amma ranar da inji ya bukaci babban gyara, akwai ƙasa ta uku da ba ta zauna wurin cinikin ba, tana kuwa da ta cewa.

Me ya sa inji ya gagara? A cikin injin jirgin yaƙi akwai ƙananan fukafukai da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, cikin iska mai zafin da ya wuce wanda zai narkar da ƙarfen da aka yi su da shi. Abin da ke hana su narkewa shi ne ƴan ramuka da iska mai sanyi ke bi, da wani shafi na musamman, da yadda ake zuba kowane fiffike ya daskare dunƙule ɗaya ba tsaga. Maƙerin da ya iya wannan ba ya koya wa baƙo. Amurka da Ingila da Faransa da Rasha ne suka daɗe da iyawa, Sin ta biyo su bayan wahalar shekaru masu yawa. Indiya ta fara nata injin, Kaveri, tun shekarun 1980, duk da haka jirginta Tejas da injin Amurka ya shiga aiki. Masar a zamanin Nasser ta tashi jirginta HA-300 a 1964, ta bar aikin a 1969.

TEI ta yi gaba a ƙananan injuna. Nata PD-170 yana tuƙa jirage marasa matuƙi na Anka da Aksungur, kuma a 2023 jirgi mai saukar ungulu na Gökbey ya yi tashin gwaji da injin gida. Sai dai wahala ba ta fasaha kaɗai ba ce. Kuɗin ƙasar, lira, ya zube, tsadar kaya ta kai 85 cikin 100 a watan Oktoba na 2022, injiniyoyi da dama da aka kashe dukiya wajen horar da su suka tafi neman albashi a Holan da Jamus. Ran 23 ga Oktoba na 2024 kuma ƴan bindiga suka kai hari hedkwatar TUSAŞ, suka kashe mutum 5.

Babban gwajin shi ne KAAN, jirgin yaƙi na zamani mai wuyar gani a na'urar hange. Turkiyya ta kasance cikin masu tarayya a jirgin F-35 na Amurka, masana'antunta suna yi masa sassa wajen 900. Da ta karɓi makaman kare sama na S-400 daga Rasha a watan Yuli na 2019, aka fitar da ita, a ƙarshen 2020 kuma aka sa wa ofishinta na makamai takunkumi. KAAN ya yi tashin farko ran 21 ga Fabrairu na 2024, ya yi minti 13 a sama. A 2025 Indonesiya ta sa hannu kan sayen 48, Sifaniya kuma, ƴar OTAN mai tsohuwar sana'ar jirage, ta zaɓi jirgin koyo na Hürjet, wanda shi ma injinsa na Amurka ne.

Injuna biyu da suka ɗaga KAAN samfurin F110 ne na General Electric, irin na F-16. A watan Satumba na 2025 ministan harkokin waje Hakan Fidan ya faɗa a fili, a birnin New York, cewa izinin sayen injunan yana maƙale a majalisar Amurka. Wata ɗaya bayan haka Turkiyya ta sa hannu da Ingila kan sayen jiragen Eurofighter 20, a kan kuɗin da ka iya kai fam miliyar 8, don sojan sama kada su zauna da tsofaffin F-16 suna jira. Injin gida da ake shirya wa KAAN sunansa TF35000, kuma a 2025 hukumar makamai ta ce a shekarar 2032 take sa ran ɗora shi kan jirgin.